Gem ɗin da yake ƙarewa da wanda ba ya ƙarewa

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar buga gem cikin jerin cututtuka, labarin yake ta yawo a wayoyin iyaye, kowa na ƙara masa gishiri. Yanzu har ya koma wai likitoci sun tabbatar duk yaron da ke buga gem ya kama hanyar taɓin hankali. Sai a jawo misalin ƙasar Sin, wadda a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, a ce mu ma haka ya kamata.

Ba haka hukumar ta faɗa ba. Abin da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022, yana da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya ture masa karatu da aiki da zumunci, kuma ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, galibi har tsawon wata 12. Ita kanta hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu bugawa ke kaiwa nan.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yi wa gem kuɗin goro. Ɗauki Trine, wanda kamfanin Frozenbyte na birnin Helsinki a ƙasar Finlan ya fitar a 2009. Labarin almara ne: matsafi Amadeus, ɓarauniya Zoya da jarumi Pontius sun maƙale wuri guda, mai bugawa yana sauya su yadda ya ga dama. Za ka iso bakin rami mai cike da ƙarafa masu tsini, ƙofar fita tana can sama, tsalle ba zai kai ka ba. Jarumi na da takobi da garkuwa, amma a nan ba abin sara. Sai ka koma matsafi ka zana akwati, ya faɗo, ka ɗora wani a kansa. Suka karkace suka zube, domin komai a wasan yana da nauyi kuma yana bin ƙa'idar faɗuwa. Ka sake lale. Can sai idonka ya kai ga wani katako a rufi, ka tuna Zoya na da ƙugiya da igiya, ka yi lilo ka tsallake. Yaron da ya yi shiru na minti goma a gaban wannan rami lissafi yake yi, kuma murnar da ya yi da ya haye ta wanda ya warware matsala ce da kansa. Iyayen da kalmar matsafi ta tayar wa hankali su zauna su kalla: yawancin sihirin nasa zana akwati ne da ɗaga kaya.

Irin su suna da yawa. A Braid na 2008 kana mayar da lokaci baya ka gyara kuskure. A Monument Valley na 2014, wanda ake bugawa a waya, gini kake juyawa har hanya ta ɓullo. Dukansu suna da ƙarshe. Ka gama, an rufe labari.

Ɗaya nau'in kuwa an gina shi ne don kada ya ƙare. Yana ba ka kyauta idan ka leƙo kullum, yana sayar maka da rufaffen akwati da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Ladar da ba a san lokacin zuwanta ba ita ce ta fi riƙe mutum, masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin haka. Shi ya sa a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan na kuɗi caca ne. Dattawa biyu masu dara a gindin bishiya da matasa masu karta ta kuɗi a lungu duk a zaune suke sun duƙufa, amma ba mai hankalin da zai yi musu hukunci ɗaya.

Kada kuma masu gem su yi saurin tafi. Da'awar cewa wasa irin Trine yana mayar da yaro haziƙi ba ta da ƙarfi. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2010, kan mutum sama da 11,000 da suka yi mako shida suna wasannin horar da ƙwaƙwalwa, ya nuna sun ƙware a wasannin, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa sauran ayyukan tunani ba. Trine nishaɗi ne mai sa tunani, ba zai ci wa kowa jarrabawa ba.

Hukumominmu sun fi gane a rufe shagon gem a kan a duba abin da ke cikin na'ura, mu iyaye kuma mun fi gane ƙwace waya. Alhali a jikin yawancin wasannin akwai lambar shekaru, 3, 7, 12, 16 ko 18, kuma a kowace waya ana iya kulle sayen kaya ta cikin gem da lambar sirri. Kafin ka ƙwace, tambayi yaron ko gem ɗin yana ƙarewa, kuma ko ya taɓa neman kuɗi a wurinsa.