Yadda Tauraron Ɗan Adam Ke Gano Abin Da Ke Ƙarƙashin Teku

Duk wanda ya tsaya a bakin teku zai ɗauka cewa fuskar ruwan a shimfiɗe take kamar tabarma. Binciken masana ya nuna cewa ba haka abin yake ba. Ko da babu iska, babu igiyar ruwa, fuskar teku tana da tudu da kwari, kuma abin da ke ƙasan ruwan ne ke haddasa su.

Dalili shi ne ƙarfin jan ƙasa, wato ƙarfin da ke sa abin da aka jefa sama ya dawo ƙasa. Wannan ƙarfi ba daidai yake a ko'ina ba. Inda akwai babban dutse a ƙarƙashin teku, nauyinsa yakan jawo ruwa ya taru a kansa, sai fuskar teku ta ɗan yi tudu. Inda akwai rami mai zurfi kuwa, sai ta ɗan lotsa. Tudun yakan kai mita ɗaya ko biyu, amma saboda ya bazu a kan kilomitoci masu yawa, matuƙin jirgin ruwa ba ya ganinsa.

Tauraron ɗan adam yana auna shi da na'urar rada. Na'urar tana aika sigina zuwa fuskar ruwa, sannan ta ƙidaya lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Da yake an san saurin siginar, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma an san inda tauraron yake, sai a lissafa tsayin ruwan. Ana maimaita awon sau da yawa domin a cire tasirin igiya da na cikowa da janyewar teku. Abin da ya rage shi ake mayarwa taswirar ƙarfin jan ƙasa.

Amurka ta harba Seasat a 1978, sai Geosat a 1985, wanda rundunar sojan ruwanta ta ɓoye wani ɓangare na bayanansa har zuwa 1995. Turai ta harba ERS-1 a 1991. A 1997 masana biyu, Walter Smith da David Sandwell, suka haɗa waɗannan bayanai da awon jiragen ruwa suka fitar da taswirar ƙasan tekunan duniya.

Muhimmancin wannan aiki a bayyane yake, domin har zuwa 2024 kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙasan teku aka auna sosai da jiragen ruwa. Taswirar tana taimaka wa masu neman man fetur su san inda ya kamata su fara bincike, tana kuma nuna duwatsun da ka iya zama haɗari ga jiragen ƙarƙashin ruwa.

Haka zalika, irin wannan na'ura ce ake amfani da ita wajen bibiyar hawa da saukar ruwan Tafkin Chadi tun bayan harba TOPEX/Poseidon a 1992, bayanin da ke da amfani ga manoma, masunta, makiyaya da hukumomin da ke tsara rabon ruwa.