Injin Bincike Dillali Ne, A San Wanda Za A Riƙa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja kunnen 'yan uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan wani abu da ya ci mini kuɗi har sau biyu kafin in gane kansa.

Ni manomi ne a Bauranya, cikin ƙaramar hukumar Kusada. Da damina ina gona, da rani kuma ina ɗan saro wake da riɗi in kai Kankia ko Charanchi, in kaya sun yi auki har Dawanau ta Kano. Karatuna bai wuce firamare ba. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 muka huta da tafiyar banza, amma babbar waya mai intanet sai daga baya ɗana ya koya mini.

Wata damina tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016, ta faɗa wa gonata. Na buɗe Google na rubuta neman magani. Abin da ya fara fitowa a sama wani mai sayar da maganin feshi ne, da hotuna masu kyau da lambar waya. Na ce a raina, tun da shi aka sa a gaba, ai shi ne gwani. Muka yi magana, na tura masa kuɗin buhun wake guda. Jama'a, har yau ina jiran magani. Ashe kifi na saya a ruwa.

Wani malamin makaranta a garinmu ne ya warware mini zare da abawa. Ya ce shi Google injin bincike ne, wasu ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa kamfaninsa a Amurka a 1998. Aikinsa shi ne ya riƙa zagaya shafukan intanet dare da rana yana tattara abin da ke ciki. In ka yi tambaya sai ya jero maka su, yana duba wanda kalmominsa suka dace da naka, da wanda wasu shafuka suka fi yin nuni zuwa gare shi. To amma na can sama, sau da yawa masu talla ne da suka biya kuɗi, za ka ga an rubuta "Sponsored" a jikinsu da ƙananan baƙaƙe. Wato dai kamar dillali ne a kasuwa: zai kai ka rumfa, amma ba shi ya auna hatsin ba.

Daga nan na ɗauki darasi, ga kuma abin da na gano. Na ɗaya, kowace tambaya da ƙofar da ake buga mata. In bayani kake nema a kan iri ko cutar shuka, rubuta a Google, sannan ka sake rubutawa a Bing na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2009, ka gwada amsoshin biyu. Ka duba wa ya yi maganar. In ta fito daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, masu fitar da irin masara SAMMAZ da na wake SAMPEA, ka san ba ɗan tsibbu ba ne. In hasashen damina ne, nemi na hukumar NiMet, tana fitar da shi kowace shekara. In kuwa so kake ka ga yadda ake yin abu da hannu, kamar ɗaure buhun nan mai ruɓi uku na ajiyar wake, to YouTube ya fi, don gani ya kori ji.

Na biyu, a riƙa duba kwanan wata. Na sha ganin mutum ya ɗauko farashin shekara uku da ta wuce yana ta gardama da shi a bakin kasuwa. Wallahi babu injin da ya san nawa aka sayar da tiyar gero yau da hantsi a Charanchi. Wannan sai ka kira amininka da ke tsaye a wurin.

Na uku, Hausa ba ta da yawa a intanet kamar Turanci. Ka rubuta kalmomi kaɗan, in ba ka samu ba ka cire lanƙwasar baƙi, misali ka sa "ridi" maimakon "riɗi". Google Translate ya san Hausa tun 2013, yana taimako, sai dai wani lokaci yakan yi shirme. Kada ka auna maganin feshi da fassararsa, je ka tambayi malamin gona.

Asarata ta biyu kuwa wajen talla ce. Wani saurayi ya ce zai buɗe mini shafi nawa na kaina, wai har Turawa za su zo sayen riɗi. Na biya shi, shafi ya yi kyau. Muka shekara ko kira ɗaya ban samu ba, sai ga shi ya dawo wai a biya kuɗin sabuntawa. Sai na gane na gina shago ne a dokar daji, babu hanya babu allo. Shafi ba ya kiran mutane da kansa, sai in sunan kayanka da na garinku suna ciki yadda mai saye zai rubuta su, kuma wasu suna ambatonka.

Abin da ya yi mini amfani bai ci ko kwabo ba, ban da kuɗin data. Ɗana ya sa rumfata a taswirar Google Maps kyauta. Ya buɗe mini shafi a Facebook da sunan kayan da sunan Kusada da Katsina ɓaro-ɓaro. Ya sa mini WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin irinmu. Duk ranar da na yi sari sai in ɗauki hoton kayan na gaskiya, ba na aro ba, in faɗi mudu da farashi. Ta nan wani Alhaji daga Kano ya same ni. Bai turo kuɗi ba sai da yaronsa ya zo ya zura hannu cikin buhu, ni ma ban ɗora kaya a mota ba sai da na ga kuɗi sun shiga. Yau shekara biyu ke nan muna hulɗa ba wanda ya ji kanmu.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar KTARDA ta Jihar Katsina da malamanmu na Samaru, don Allah su yawaita zuba bayanan noma da Hausa a intanet. Idan masu ilimi suka bar fili, 'yan damfara ne za su shimfiɗa tabarmarsu a kai. Ku kuma 'yan uwana, matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya san wanda ya tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, amin.

Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
Bauranya, Ƙaramar Hukumar Kusada,
Jihar Katsina.