Baba Ɗan Audu daban, Rikadawa daban

A lokacin da Baba Ɗan Audu ke tashe a shirin Labarina, washegarin ranar da aka saki sabon kashi, hira ɗaya ce ke mamaye teburin mai shayi a Tudun Wada ta Gusau da shagon tela a Tsafe da tsakar gida a Bungudu. Za ka ji ana cewa wane bai kyauta ba, wance ta cika makirci, Allah ya isa tsakaninmu da Baba Ɗan Audu, kamar dai wani maƙwabci ake tsegumi a kansa. Masu ganin kansu wayayyu kan yi wa irin wannan dariya, wai mutane sun kasa bambance wasa da gaskiya. A ganina sun yi kuskure. Fushin mai kallo a kan abin da aka nuna masa hukunci ne da hankali ya yanke, kuma yana da amfani. Inda gizo ke saƙar shi ne inda ake kai wannan fushin bayan an tashi daga kallo.

Fim ɗin Kannywood na zamanin kaset da faifai, a zama ɗaya ko biyu ake gama shi, mugu ya ga sakayya kafin a kashe talabijin, kowa ya kwanta da sanyin zuciya. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ce ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango: Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019, sai Labarina na Aminu Saira a 2020, shekarar da Izzar So na Lawal Ahmad ya kama kasuwa a YouTube. Mutumin da ka yi shekaru kana gani kowane mako ya wuce baƙo a wurinka. Ga kuma kwana bakwai tsakanin kashi da kashi, wanda babu abin da ke cike shi sai musu da hasashe. A Zamfara kuwa, inda gidajen sinima suka rufe tun lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a zamanin Ahmad Sani Yarima, kallo ya koma ɗaki da waya, sharhinsa ne ya fito majalisa. Ko a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, mai tauraron ɗan'adam da ɗan janareto bai rasa shirinsa ba.

Me ake tattaunawa a wannan musun? Idan ka kasa kunne, ba Sumayya ko Presido na Labarina ake yi wa shari'a ba. Ana tambaya ne ko talauci hujja ne na sayar da mutuncin 'ya, ko kuɗi na iya sayen soyayya, ko haƙurin mace na da iyaka. Matar da ba za ta iya buɗe baki ta soki mijinta a gaban dangi ba tana iya yi wa Kamaye na Daɗin Kowa tatas, kuma duk wanda ke wurin ya gane inda ta dosa. Matashin da ke tsoron ambaton sunan wani mai mulki yana iya zazzage cikinsa a kan Gwamna Bawa Maikada na jihar Alfawa a Kwana Casa'in, jihar da babu ita a taswira. Al'ummar da kunya da kara suka yi wa dabaibayi tana buƙatar irin wannan kafa.

Za a ce: jihar da ake sace mutane a hanyar Gusau zuwa Tsafe, manoma ba sa iya zuwa gona, ina ita ina kukan mutuwar Mahmud a Labarina? Tambaya ce mai nauyi, amma ta ɗauka cewa zuciya kamar randa take, idan an ɗebi tausayi don wasa sai na gaske ya ragu. Ba haka abin yake ba. Wanda ya wuni cikin zullumi yana da haƙƙin sa'a guda ta damuwar da ya san ba za ta biyo shi gida ba, kuma ba a taɓa nuna cewa masu ƙin kallo sun fi kowa zuwa jaje ba.

Matsalar gaskiya tana farawa ne idan aka ɗora laifin rawa a kan mai takawa. Rabi'u Rikadawa bai ci amanar kowa ba, aikinsa ya yi, kuma tsananin haushin da aka ji na Baba Ɗan Audu shi ne shaidar ƙwarewarsa. Sani Mu'azu, wanda ya fito a matsayin Bawa Maikada, bai taɓa mulkin Alfawa ba. Amma yanzu da kowane ɗan wasa ke da shafi a Facebook da Instagram da TikTok, zagin da a da yake ƙarewa a majalisa yana isa wayarsa kai tsaye, kuma mata 'yan wasa sun fi shan sa, domin su ba a tsayawa kan rawar, sai an taɓo aure da tarbiyya da iyaye. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, mai kallo na da cikakken ikon cewa sauyin bai yi masa ba. Wannan sharhi ne a kan aiki. Cin mutuncin ɗayarsu kuwa zalunci ne a kan mutum mai rai.

Akwai ɓarna ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Shirin da ke YouTube da yawan masu kallo yake ci, furodusa kuma yana karanta ra'ayoyin jama'a kafin ya ɗauki zango na gaba. Matsin lambar masu karatu tsohon abu ne, don ko a Ingila, Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893, bayan shekara 10 ya dawo da shi da rai. Sai dai shi ya samu shekaru yana tunani, marubucin yau kuwa cikin sa'o'i hukunci ke iske shi. Idan ya biye wa masu ihu, mugu zai tuba tun labari bai nuna ba, wanda ake so ba zai mutu ba, a yi ta jan shiri ana maimaita kishi da rabuwa da sulhu don kada a ɓata wa kowa. Ɗan wasan da ya ga yadda aka yi wa abokinsa ruwan ashar zai fara gudun fitowa a azzalumi, kowa ya nemi matsayin malami ko maraya. Daga nan sai a rasa mai taka rawar ɗan siyasa maci amana, ko uban da ke cinikin 'yarsa, ko mai kai wa 'yan bindiga rahoto, alhali su ne mutanen da mai kallo a Bungudu da Tsafe ya fi buƙatar a zana masa su da kyau, har ya gane yadda suke magana da yadda suke shiga jikin jama'a.