Wa Ke da Alhakin Yaro Mai Laifi a Tarauni?

Maƙasudin wannan ɗan bayani shi ne a duba yadda aka tsara hukumomin da ke kula da shari'ar yara a Kano. A ƙasar Amurka, inda aka buɗe kotun yara ta farko a Shikago cikin 1899, akwai jihohin da kowace gunduma take da majalisa guda ta alƙalai mai kula da wannan aiki. A Kano ba haka abin yake ba. Ƙaramar Hukumar Tarauni ba ta da kotu, ba ta da 'yan sanda, ba ta da gidan tsare yara. A zamanin En'e kuwa, alƙali da ɗan doka da yari duk ƙarƙashin sarki suke, kafin gwamnatin soja ta karɓe su a ƙarshen shekarun 1960.

Tushen tsarin shi ne Dokar Yara da Matasa, wadda Turawa suka kafa a Ikko cikin 1943, ta iso Jihar Arewa cikin 1958. Ita ce ta ce a saurari shari'ar yaro dabam da ta manya, ban da taron 'yan kallo. Dokar Final Kot kuma ta ce wanda bai kai shekara 7 ba ba shi da laifi sam, daga 7 zuwa 12 kuwa sai an tabbatar ya san abin da ya aikata.

To, alal misali, a ce an kama yaro ɗan shekara 13 da sata a Gyadi-Gyadi. Sau da yawa maganar takan mutu a zauren mai unguwa, iyaye su biya, a ja wa yaro kunne. In ta wuce nan, sai hannun 'yan sanda, su kuwa na Gwamnatin Tarayya ne. Majistaren da zai saurari ƙarar yana ƙarƙashin Babban Jojin Jiha. Jami'in jin daɗin jama'a da zai binciko halin gidansu, da gidan ajiye yara na Goron Dutse, duk na ma'aikatar mata ta jiha ne. In an ga sai an yi masa doguwar tarbiyya, akwai makarantar Ƙiru, ko kuma Bosta ta Kakuri a Kaduna, wadda take ta Tarayya. Watau yaro guda, iyayen gida uku, ba kuwa wanda zai iya ba ɗan'uwansa umarni. A nan ne jinkiri kan shigo, musamman wajen tabbatar da shekaru, tun da yake yara da yawa ba su da takardar haihuwa.

Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta kawo tsarin kotun iyali, amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Kano ba ta yi tata ba sai cikin 2023, bayan shekara 20 ana muhawara a kan yadda za ta dace da shari'ar Musulunci.