Direban Tarakta Ya Bar Ƙwaya: A Mai Da Shi Aiki?

Jama'a, wannan mako za mu ajiye maganar taki da iri, mu yi maganar ma'aikacin gona.

Akwai wani attajiri a nan Unguwar Sarki, yana da gona wajen Rigacikun, kan hanyar Zariya, ni ke duba masa ita. Daminar da ta wuce, ana cikin huɗa, sai direban taraktarsa ya sulale daga kujera yana karkarwa, tarakta ta yi gaba ita kaɗai har ta afka kwazazzabo. Allah ya kiyaye rai, amma garma ta karye, aka yi kwana 12 ba aiki, ga ruwa ya riga ya zauna. Da aka laluba aljihunsa sai ga tiramol. Nan take mai gona ya sallame shi.

Shi tiramol maganin ciwo ne, likita ke ba da shi. Wanda hukuma ta yarda da shi mai lamba 50 ne da mai 100. Wanda a ke sayar wa 'yan ƙwadago a ɓoye kuwa, sau da yawa mai 200 ne ko 225, in ya yi yawa a jiki ya kan kawo farfaɗiya. Abin ba ƙarami ba ne. A 2018 Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi, kuma binciken da aka fitar a 2019 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum fiye da miliyan 14 a Nijeriya sun taɓa kayan maye cikin shekara guda.

To, 'yan'uwan direban suka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ƙetaren kogi. Bayan wata uku sai ga shi da takardar likita, yana roƙon a mai da shi. Mai gona ya ce mini, "Malam, ka ga wanda ya karya mini garma. Me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, a mai da shi, amma ba kan tarakta ba tukuna." Dalilina kuwa, direban da ya san daidaita garma, ya fid da kunya a miƙe, ba a tsintarsa a tasha. Sa'an nan wanda ya fito asibiti ya zauna ba sana'a, majalisar da ya baro ita zai koma. Nan ne hatsarin ya ke, gama jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka dā. Ƙwaya biyar ɗin da ya ke haɗiya ya tafi gona, yanzu tana iya kashe shi.

Muka sa shi gyaran ƙarfe da shafa giris, tare da wani dattijo mai lura da shi. Ba tuƙi, ba feshin maganin ƙwari. Ranar komawa ganin likita ba a yanke masa ko kwabo. Aka rubuta sharaɗi a gaban wansa, cewa in ya ji abin na jansa ya faɗa, ba za a kore shi don ya faɗa ba, amma in aka kama shi yana ɓoyewa, shi ke nan. Sauran ma'aikata kuma aka hana su kiransa ɗan ƙwaya.

Saura wata magana, wadda Alhaji bai ji daɗinta ba. Jinga a ke biyan mutumin nan, eka kaza kuɗi kaza, ya hau da asuba ya sauko bayan lisha. Wane jiki ke iya wannan ba dabara? Mu da ke kirga eka ba mu kirga awa, muna da namu laifi. Haka ma masu ba da jingar noma da maimai, suna murna yaro ya cinye aikin kwana biyu cikin yini ɗaya, ba su tambayi abin da ya zuba a shayi ba.

Da ƙyar Alhaji ya yarda aka koma albashin wata, aka ɗauki direba na biyu suna karɓa-karɓa. Bayan wata biyar mutumin ya koma kan tarakta, rabin yini. Makulli kuwa har yanzu wurin dattijon ya ke kwana, sai ya dubi idonsa da safe kāna ya miƙa masa.