Amsar Tambaya: Yaya Ake Sanin Makamashin Nukiliya Ya Ƙone?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Agadas, ya aiko da wasiƙa yana cewa: yuraniyam ɗin nan da ake haƙa a Arlit, tun da ba ya barin toka kamar itace, yaya masana ke gane wanda ya ƙone da wanda ya rage?

To Malam, ka yi tambaya. Da farko dai ba wuta ce ke cin yuraniyam ba. A cikin tukunyar nukiliya ƙwayoyin zarrarsa ne ke fashewa gida biyu, su ba da zafin da ke tafasa ruwa har a samu lantarki. Irin da ke fashewa da sauƙi, wato yuraniyam 235, bakwai ne kacal cikin dubu a wanda aka haƙo. Yawancin tukwanen sai an tace musu shi ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari.

In kana son sanin dabino nawa yaro ya ci, ai ƙwallayen za ka ƙirga. Haka masana ke yi. Duk ƙwaya 1,000 da suka fashe, kusan 17 na barin wani ƙarfe mai suna niyodimiyam 148, wanda ba ya lalacewa, ba ya bin iska. Sai a yanko ɗan guntun makamashin a ɗaki mai kaurin bango, da hannuwan inji, don tururinsa na kisa. A narkar da shi a ruwan asid, a kai ga na'urar auna nauyin ƙwayoyin zarra, irin wadda Francis Aston ya ƙera a Ingila a 1919.

Aikin na'urar kamar shiƙar hatsi ne. Ana sa wa ƙwayoyin lantarki, a harba su ta gaban maganaɗisu. Marasa nauyi su karkace sosai kamar ƙaiƙayi, masu nauyi su ɗan karkata kamar tsaba. Kowane iri ya faɗa wurinsa, a ƙirga shi. Daga yawan niyodimiyam ɗin sai a lissafo ƙwayoyin da suka fashe.

Ba don sha'awa ake wannan wahala ba. Makamashin da ya ci sosai ya fi zafi da tururi, kuskure wajen ajiyarsa kuwa rayuka ne. Kuma a cikinsa fulutoniyam ke taruwa, wanda ake iya haɗa bam da shi, shi ya sa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ke bin lissafinsa sau da ƙafa.

Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.