An Soke Jirginka, An Ba Ka Takarda Maimakon Kuɗi: Me Za Ka Yi?

Da yawa daga cikinmu sun tuna shekarar 2020, lokacin da Saudiyya ta dakatar da umra saboda annobar korona, jirage suka tsaya cak. Kamfanoni da yawa ba su mayar wa mutane kuɗinsu ba, sai suka ba su wata takarda da za su sayi wani tikitin da ita nan gaba, wadda a Faransanci ake ce mata avoir. Har yau ana samun rigima a kanta.

To, tambaya ta farko ita ce: wa ya fasa tafiyar? In kai ka fasa, sharaɗin tikitinka ne zai yi aiki, kuma tikiti mai araha sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa. Amma in kamfanin ne ya soke, magana ta sake. A fiƙihu, sayen tikiti ijara ce: ka biya lada don a kai ka wuri. In ba a kai ka ba, kuɗinka na nan a wuyansu. Kun ga ke nan takardar tayi ce, kana iya karɓa in ta yi maka, kana iya cewa kuɗinka kake so.

Wasu dokoki ma haka suka tsara. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta ce a mayar wa fasinja kuɗinsa cikin kwana 7, kuma ba a ba shi takarda a madadin kuɗi sai ya yarda ya sa hannu. Tana aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, da jiragen kamfanoninta masu zuwa can. Sai a lura, jirgin Yamai ko Accra zuwa Jidda ba ya cikinta.

Ga abin yi. Kada ka danna amincewa a waya ko ka sa hannu kafin a karanta maka takardar. Tambaya: yaushe wa'adinta zai ƙare? Wani zai iya amfani da ita, ko sunanka kaɗai? In tikiti ya ƙara tsada, wa zai cika? Galibi kai ne.

Ajiye rasit, lambar tikiti, da saƙon da aka sanar da kai sokewar. In ta hannun ajan ka saya, fara da shi, don sau da yawa ta hannunsa kamfanin ke mayar da kuɗin. Rubuta ƙorafinka, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi. Maganar baki ba ta zama shaida. In aka yi shiru, kai ƙara hukumar jiragen sama ta ƙasarku: ANAC a Nijar, GCAA a Ghana, CCAA a Kamaru.

Wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya saya musu tikiti, amana ce a hannunsa. Kada ya karɓi takarda a madadinsu sai ya shawarce su. Sulhu alheri ne, amma da yardar mai haƙƙi. Nemi naka cikin ladabi, kada ka zagi ma'aikacin da ke kanta, ba shi ya soke jirgin ba, kada kuma ka ƙara ko dala a kan abin da ka biya.

Allah ya sa mu dace, amin.